Yadda ake nemo kuɗin sake gina gidan da ba a gama biyan bashinsa ba

Kowace damina sai an samu gidan da ya kwanta a Katsina. Wani katanga ce ke shan ruwa ta tushe har ta zube ta ja ɗaki, wani iskar farkon damina ce ke yaye rufi, in hunturu ya shigo kuma gobara ta karɓa. Wanda gidansa ba bashi a kai, damuwarsa ɗaya ce, ina zai samo kuɗin gini. Wanda kuwa takardun gidansa ke jingine a banki, ko ake yankar kuɗin gida daga albashinsa, damuwarsa biyu ce, domin bashin bai zube tare da ginin ba. Ƙarshen wata za a cire, ko da iyalinsa na raɓe a gidan ƙaninsa.

Na daɗe ina bin wannan magana tare da 'yan ƙungiyarmu ta ma'aikata, daga banki zuwa ofishin inshora zuwa wurin magina. Abin da zan jaddada maka tun yanzu shi ne ka bi abubuwa a jere. Ana farawa da mai bin bashi, sai kuɗin da ba a mayarwa, sai bashi mai sauƙi, bashi mai tsada kuwa sai in duk ƙofofi sun rufe. Yawancin waɗanda suka wahala, daga ƙarshen jerin nan suka fara.

Abin da za ka tara kafin ka fita

Takardar tayin bashi da ka sa wa hannu, da yarjejeniyar jinginar gidan. Kwafin takardar mallaka ta C of O ko takardar rabon gida, tunda ta asalin tana hannun mai bin bashi. Bayanin asusun bashin na kwanan nan, wanda zai nuna abin da ka biya da abin da ya rage. Takardar inshorar gidan da rasit ɗin biyan bana. Takardun albashi na wata uku zuwa shida, ko bayanin asusun kasuwancinka in ɗan kasuwa ne kai. Lambar NHF in kana cikin Asusun Gidaje na Ƙasa. Zanen ginin da aka amince da shi tun farko. Sai waya mai ɗaukar hoto, da littafi guda wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai lissafin wannan aiki.

In wuta ko ruwa ya ci takardunka, kada ka tsaya jimami a kansu. Banki yana da kwafin kusan duka a fayil ɗinka, ka rubuta ka nema. Sauran kuma ka yi takardar rantsuwa a kotu kan cewa sun salwanta.

1. Kada ka taɓa ɓaraguzan tukuna

Al'adarmu ce da an wayi gari 'yan'uwa da maƙwabta su zo da shebur da baro a kwashe. Alheri ne, amma ka roƙe su su dakata. Ka fitar da mutane da kayan da za a iya ceta, ka tokare bangon da ke barazanar faɗawa maƙwabci, sauran ka bar shi yadda yake. Ka ɗauki hotuna da bidiyo ta kowace kusurwa, ciki da waje, har da alamar inda ruwa ya kai a jikin bango. In gobara ce, ka karɓi rahoton hukumar kashe gobara. In ambaliya ce ko iska, ka sanar da mai unguwa, ka tabbatar sunanka ya shiga jerin da ƙaramar hukuma ke kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. Mai kimanta asara na kamfanin inshora in ya zo ya tarar da fili a share, abin da ya ga dama zai rubuta, ba ka da abin da za ka nuna masa.

2. Je wurin mai bin ka bashi, da wasiƙa a hannu

Nan ne mutane suka fi jin nauyi. Gani suke in banki ya ji gidan ya rushe zai ce a biya shi kuɗinsa gaba ɗaya. Ɓoyewar ce ke jawo hakan. Yarjejeniyar jingina kusan duka tana ɗora maka kula da gidan da sanar da banki in wani abu ya same shi, kuma tana hana ka rushewa ko sauya fasalin gini ba da izininsu a rubuce ba. Wannan ya shafi har wanda gidansa bai faɗi ba, tsagewa kawai ya yi yana so ya sauke ya sake ɗorawa.

Ka rubuta wasiƙa gajera: ga abin da ya faru, ga ranar, ga hotuna. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe. A cikinta ka nemi abu uku. Na farko, izinin sake gini. Na biyu, sunan kamfanin inshorar gidan da lambar takardar. Na uku, sauƙin biya: ko a ɗaga maka na wasu watanni, ko a ƙara tsawon shekarun bashin don abin da ake cirewa duk wata ya ragu. Ba dole ba ne su amince, amma sun fi son mai biya ya ci gaba da biya da su zauna da kango a hannu. Ka tambaya a fili ko kuɗin ruwa zai ci gaba da hawa a watannin da aka ɗaga, domin yawanci yana hawa.

Kafin amsa ta zo a rubuce, kada ka daina biya. Maganar baka ta ma'aikacin banki ba ta hana sunanka shiga rajistar masu taurin bashi, kuma da zarar ya shiga, duk ƙofofin da zan lissafa a ƙasa sun yi maka nauyi. Ka kuma sani tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum da ke haɗe da lambarsa ta BVN, in ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar bashin. Sauya banki ba mafita ba ce.

In gidan na rukunin gwamnati ne, irin waɗanda ake ba ma'aikata ana cirewa a albashi, wasiƙar ta tafi hukumar da ta raba gidajen, ta hannun ma'aikatarka.

3. Inshora: kuɗin da da yawa ba su san suna da shi ba

Bankunan lamunin gida ba sa sakin bashi sai an yi wa gidan inshora, kuma sau da yawa su ke cire kuɗinta daga asusunka duk shekara. Na ga mutanen da suka rantse ba su taɓa yin inshora ba, aka buɗe fayil aka same ta a ciki. Don haka ka bincika.

Abu huɗu za ka duba a takardar. Shin an biya kuɗin bana? A dokar Nijeriya, in ba a biya ba, babu kariya. Shin gobara kaɗai ta ƙunsa, ko an haɗa da ambaliya da iska? Kwana nawa aka ba ka ka sanar da su? Wa'adin gajere ne, ka sanar da su a makon farko. Sai adadin da aka yi wa gidan inshora a kai, kuma nan ne ake shan mamaki. Misali, gidan da aka rubuta a kan naira miliyan 8 shekarun baya, yau sake gina shi zai ci miliyan 20. In asarar ta kai miliyan 10, kamfani zai ce kashi 40 cikin 100 na darajar gidan kaɗai ka kare, sai ya biya miliyan 4. Wannan sharaɗi yana cikin yawancin takardun. Ka sa shi a lissafinka tun da wuri don kada ka ɗora buri a kan kuɗin da ba zai zo ba.

Ranar da mai kimantawa zai zo, ka kasance a wurin da magininka ko injiniyanka. Ka faɗi asarar yadda take, kada ka ƙara ko ƙusa ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ƙari ɗaya da aka kama yana iya soke haƙƙinka duka. In sun kawo tayi, kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka gwada adadin da lissafin injiniyanka. Hannu in ya hau, magana ta ƙare. In an ƙi biya ba da hujja ba, ana kai ƙorafi hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora.

Ga wani abu da ya kamata ka shirya masa: kuɗin ba hannunka zai fara zuwa ba. Banki ne ke gaba wajen karɓa, domin an rubuta sunansa a takardar. Yana iya cewa zai rage bashinka da shi, yana iya sakar maka shi kashi-kashi kana gini suna dubawa. Na biyun ka nema, a rubuce, tun kafin kuɗin ya iso. Bashi ya ragu alhali ba ka da wurin kwana bai warware maka komai ba. Sai fa in abin da ya rage kaɗan ne, wanda kuɗin inshorar zai share shi ya bar saura. A nan gara a rufe bashin ka karɓi takardunka, ka zama mai 'yancin neman kuɗi a inda ka so.

In maigidan da ya ci bashin ya rasu a cikin abin da ya faru, magada su tambayi banki ko akwai inshorar rai a kan bashin. In akwai, ita ke biyan ragowar, kuma a warware wannan kafin a zauna rabon gado.

4. San ainihin abin da ginin zai ci

Kada ka nemi bashi a kan "zai kai kamar miliyan kaza" na birkila. Ka samu injiniya ya duba tushe ya gaya maka abin da zai tsaya da abin da dole a sauke. Sannan a rubuta maka jerin kaya da adadi: buhun siminti nawa, bulo nawa, rodi, yashi, tsakuwa, katako, bandir ɗin kwano, kuɗin aiki. Ka ɗauki jerin ka zaga da kanka wurin dillalai uku ka ji farashi. Ka ɗora aƙalla kashi 15 cikin 100 a kai saboda tashin kaya. A raba lissafin gida uku: tushe zuwa linta, rufi, sai ƙarashe. Duk wanda zai ba ka kuɗi, wannan takarda zai fara tambaya.

Ka kuma kai zanen hukumar tsara birane ta jiha a amince, musamman in za ka sauya fasali. In gidan a kan hanyar ruwa yake, ka ji matsayinsu kafin ka kashe ko sisi.

5. Kuɗin da ba a mayarwa

Tallafin SEMA ko NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, in ya zo, yawanci kaya ne: siminti, kwano, ƙusa, abinci. Yana rage nauyi, ba ya gina gida, kuma ba ka san ranar zuwansa ba. Ka bi sunanka, amma kada ka tsayar da aiki kana jira. Wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka, don haka babu abin kunya a kai takarda hukumar zakka ko a sanar da attajirin dangi.

Sai abin da ka mallaka. Fili da ke zaune ba amfani, shanu, hatsin da aka ajiye, mota ta biyu. Ra'ayina, sayar da fili a gina gidan zama ya fi cin bashi mai ruwa a bar fili yana jiran tsada. Amma kada ka sayar da abin da kake ci da shi, kamar keke napep ɗin da ke kawo cefane ko jarin shago. In uwargida ta kawo gwal ɗinta, dukiyarta ce. A rubuta shi bashi da shaidu, a rubuta nauyinsa, ba kuɗinsa na yau ba. Haka duk rancen ɗan'uwa, a rubuta adadi da lokacin biya kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Zumunci da yawa ya lalace a kan kuɗin gini da ba a rubuta ba.

Kada ka manta da kangon kansa, bayan mai kimantawa ya gama. Ƙofofin ƙarfe, tagogi, kwanon da bai lanƙwashe ba, duk kuɗi ne, ɓaraguzai kuma su yi maka ciko.

6. Auna ƙarfin albashinka, sannan ka nemi bashi mai sauƙi

Ƙa'idar da masu ba da lamunin gida ke bi ita ce duk abin da ake cirewa na bashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigo maka. Mai ɗaukar naira 150,000, iyakarsa 50,000. In tsohon bashin gida na cin 30,000, saura 20,000 kenan. Wannan 20,000 ita ce ma'auninka. Duk bashin da biyansa ya wuce ta, ka bar shi, komai daɗin bakin mai tallarsa.

Ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinka ita ce ƙofar farko. Ba ta neman takardar gida, ajiyarka da masu tsaya maka biyu sun isa, wasu ma kayan gini suke sayo maka kai tsaye. In kana adashi, ka roƙi uwar adashi da sauran 'yan zubi a matso maka da kwasarka.

Sai Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ce ta sa ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, kuma wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara. Suna da rancen gyaran gida na musamman, wanda aka fara da iyakar naira miliyan 1 a biya cikin shekara biyar, ana nema ta hannun wurin aiki. Ka je ofishinsu na Katsina ka ji iyakar da ake bayarwa yanzu, ka kuma faɗa musu gaskiya in tsohon bashinka nasu ne, domin hakan na iya shafar cancantarka. Ga bambancin a lissafi: miliyan 1 a kan kashi 6 na shekara biyar, kusan 19,300 ne a wata. Miliyan ɗin nan a kan kashi 30, ya haura 32,000 a wata, jimilla kusan ninki biyu na abin da ka ranta. Illar FMBN jinkiri. Ka shigar da takarda da wuri, ka sa kuɗinsu a lissafin rufi ko ƙarashe, ba na tushe ba.

Wanda ba ya son shiga bashi mai ruwa ko kaɗan, kuma mu da yawa haka muke, ya nufi bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin Jaiz da TAJ. Hanyar da ta fi sauƙin samu ita ce murabaha: banki ya sayi siminti da rodi da kwano, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi, farashin ba ya ƙaruwa. Akwai kuma istisna'i, inda banki ke ɗaukar nauyin ginin ya miƙa maka a kan farashin da kuka yanke. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, ka gwada da ma'auninka, domin rashin riba ba ya nufin arha.

Wasu na zuwa da maganar kashi 25 cikin 100 na asusun fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da dama a 2022. An yi shi ne don kason da mai neman sabon lamunin gida ke ajiyewa, ba don gyara ko sake gini ba. Kada ka ɓata lokaci a kai.

7. Ƙarin bashi a kan gidan kansa

In duk waɗannan ba su cike giɓin ba, ka koma wa bankinka ka nemi ƙari a kan jinginar da ke hannunsu. Ya fi sauƙi da neman wani banki, domin takardun suna wurinsu. Za su sake kimanta filin da abin da zai zama bayan gini, su saki kuɗin mataki-mataki. Wani banki kuma yana iya biyan tsohon bashin ya karɓi takardun, ya ba ka sabo mai girma. Kafin ka yarda, a lissafa maka kuɗin lauya, na kimantawa, na rajista, da tarar rufe tsohon bashi kafin wa'adi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce jinginar fili mai C of O sai da amincewar gwamna, kuma wannan yana cin kuɗi da lokaci.

Abu biyu ka nisanta. Manhajojin rance na waya, masu wa'adin kwanaki, ba a gini da su. Na biyu, karɓar kuɗi a hannun wani attajiri da sunan ka jingina masa gidan alhali yana jingine a banki. Wannan yaudara ce, kuma kotu ake ƙarewa.

8. Gina rabin da za a shiga

Kuɗin haya da kake biya yanzu yana cin kuɗin gini, don haka burinka na farko iyali su koma. Ɗaki biyu, banɗaki, kicin, katanga da ƙofa. Falo da tayil da silin su jira. Ka fara da an ɗauke ruwa, wajen Oktoba ko Nuwamba, ka tabbatar rufi ya hau kafin Mayu. Duk kuɗin da ya shigo, ka mai da shi rodi da kwano nan take, su ba sa lalacewa. Siminti kuwa ka saya daidai aikin makonni, yana daskarewa in ya daɗe. Magini a biya shi bisa matakin da ya kammala, kada ya riga aikinsa karɓa. Kowane rasit ka liƙa a littafin nan, banki zai nema kafin ya saki kaso na gaba.

Abin da ya kayar da gidan, shi za a fara gyarawa. In ruwa ne, a ɗaga tushe sama da titi, a fitar da magudana. In wuta ce, a sa wayoyi masu kyau a hannun ƙwararre. Nan ba wurin tsimi ba ne.

9. In lissafi ya ƙi, da in an gama

Wani lokaci za ka haɗa komai ka ga ba zai kai ba. To ka nemi izinin banki ka sayar da wurin da kanka, a biya su daga kuɗin, ka riƙe saura ka nemi ƙaramin gida. Cinikin da ka yi da kanka ya fi gwanjon da za su yi in bashi ya taru. In kana ganin an yi maka cirar da ba ta dace ba, ka rubuta wa bankin ƙorafi, in ba a warware ba ka kai sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

In kuwa Allah ya sa an kammala, ka kira banki su zo su gani su rubuta, ka karɓi sabon jadawalin biya ka gwada shi da abin da ake cirewa a albashinka. Sannan ka sabunta inshorar a kan abin da ginin ya ci yanzu, ka tabbatar an rubuta gobara da ambaliya da iska. Mai son tsarin Musulunci ya nemi banki ya amince masa ya koma kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, kamar Noor ko Jaiz Takaful. Kwafin duk takardun kuma ka ajiye ɗaya a wajen gidan, ɗaya ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka ta imel.